Linzami ko faifan shafa: wanne ya fi dacewa da kwamfutar tebur?

Mai Zane:
Assalamu alaikum. Na sayi Mac mini, ƙaramar kwamfutar tebur ta kamfanin Apple, wadda ba ta zuwa da linzami, kuma sana'ata ita ce tsara katunan biki da gyaran hotuna, har nakan shafe awa 6 a zaune. Na saba da faifan shafa na laftof, wato wurin da ake shafawa da yatsa a maimakon linzami, shi ya sa hankalina ya karkata ga Magic Trackpad, faifan shafa na Apple. Wace shawara za ku ba ni?

Ɗan Ɗab'i:
Wa alaikumus salam. Malam, ga irin aikinka linzami ya fi, domin yanke gefen hoto yana bukatar a danna a kuma ja a lokaci guda, abin da ke saurin gajiyar da yatsa a kan faifan shafa. Sai dai ka lura cewa ramin cajin Magic Mouse, linzamin Apple, yana ƙarƙashinsa, don haka ba ya amfanuwa yayin da yake caji. Na Logitech mai cika tafin hannu ya fi mini daɗi.

Malama:
Ni kuwa faifan nake amfani da shi, saboda da yatsu biyu nake ƙara girman hoto ko juya shi, kuma ba ya bukatar fili mai yawa a tebur. Amma a macOS, tsarin da kwamfutocin Apple ke aiki da shi, ne yake da wannan santsin. A Windows bai gamsar da ni ba.

Mai Zane:
Na gode ƙwarai. Zan fara da linzami, idan hali ya samu in ajiye faifan a hannun hagu.