Tsohon murhun itace: in canza ko in gyara?

Abu_Hanan:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema musamman daga waɗanda suka daɗe a wuraren sanyi. Bara muka sayi gida a wajen garin Duluth, jihar Minnesota, mun tarar da murhun itace na ƙarfe a falo, irin mai ƙofar nan da bututun hayaƙi da ya fita ta rufi. Ɗumi kam yana bayarwa, ranar da wuta ta ɗauke a watan Janairu shi ya rufa mana asiri, yara duk a falon suka kwana. Amma cin itacensa ya yi yawa, in na cika shi ƙarfe goma na dare kafin asuba ko garwashi babu, kuma duk sanda na buɗe ƙofar sai hayaƙi ya bugo cikin ɗaki, ga ƙaramar yarinyata tana da asma. Uwargida tace a fitar da shi kawai, ni kuma ina ganin kaurin ƙarfensa sai inji kamar asara ce. Ya kuka gani?

Baba_Maifaskare:
Wa alaikumus salam. Ɗana kafin komai ɗauki tocila ka leƙa bayan murhun, in hukumar kare muhalli ta Amurka (EPA) ta tantance shi zaka ga ɗan allon ƙarfe a manne da shekarar da aka ƙera shi. Tun 1988 aka fara wannan doka, in baka ga allon ba to kusan tabbas tsohon yayi ne. Irinsu suna fitar da gram 15 zuwa 30 na ƙurar hayaƙi a awa ɗaya, na yanzu kuwa tun 2020 an ƙayyade musu gram 2 zuwa 2.5. Dalili shine sabbin suna sake ƙona hayaƙin a ciki kafin ya fita, abin da tsohon ke zubarwa a sama su ɗumi suke mayar da shi.

Amma kar ka ɗora wa murhu laifin komai. Hayaƙin da ke dawowa ɗaki sau da yawa daga bututu ne, kunkunniya ce ke taruwa ta daskare kamar kwalta ta toshe hanya, kuma ita ce ke kama wuta ta ci gida. Sai itace. Yaushe aka faskara wanda kake sakawa? In kana jin yana tsuwwa ruwa na kumfa a bakin guntun to ɗanye ne, sayi ɗan abin auna danshi ba tsada, ka tsaga guda ka soka a tsakiya, kar ya wuce kashi 20 cikin ɗari. Itace mai tauri irin oak sai ya kusa shekara biyu a jibge kafin ya bushe. Ka sa ɗanye a sabon murhu ma wahala zaka sha.

Ummu_Sadiq:
Yaya ni maganar yarinyar ce ta tsaya min a rai wlh. Ku daina kunna shi har sai mai gyara ya duba, kuma yau ɗin nan ku sa na'urar da ke ƙara in iskar kabon monosaid ta taru, tunda ba ta da wari ba ta da kala. Mu da muka taso a gida mun san yadda kaskon gawayi ke kashe mutane cikin barci lokacin hunturu in an rufe ɗaki ruf, iskar dai ita ce. Ina bayan Maman Hanan gaskiya.

Sani_Injiniya:
Ni kuma nace a bi a hankali, sabon murhu da kuɗin kafawa da sabon bututu ba ƙaramin kuɗi bane, ni sai da na kashe wajen dala 5,000. In da hita kuke ɗumama gidan murhun na ko ta kwana ne kawai, gyara ya isa. In ya huce ka sa takarda a bakin ƙofar ka rufe ka ja, in ta zare ba gardama to igiyar da ke jikin ƙofar ta mutu, iska ke shiga ta cinye itacen da wuri, canza ta ba wuya. Amma in ka ga tsaga a jikin ƙarfen ba zancen gyara kuma. Ka kuma tambayi kamfanin inshorarka ko sun san da murhun.

Abu_Hanan:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Baba na leƙa, babu allo, sai dai gizo-gizo da tsatsa, takardar ma zarewa tayi salin alin. Itacen kuwa a watan Oktoba aka sare shi, na auna ya nuna 31. Mai share bututu ya zo jiya ya cika bokiti da baƙin abu, sannan ya haska min wata siririyar tsaga a kusurwar baya wadda ban taɓa lura da ita ba. Mun daina kunnawa. Tambayata yanzu Malam Sani, falon namu ba shi da girma sosai, ƙarami zan nema ko matsakaici don wutar ta kai asuba?