Mutum ya kusa kisa, amma alƙali ɗaya ya ce shi aka ci: yaya lissafin yake?

Ɗan Katako, Dei-Dei

Assalamu alaikum. Don Allah wanda ya san damben boksin ciki da bai ya warware mini wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni ɗan kallon damben gargajiya ne. Katako nake sayarwa a kasuwar Dei-Dei, kuma in dai ina gari, da wuya safiyar Lahadi ta same ni a wani wuri ba gidan dambe ba. A wurinmu magana ɗaya ce: an yi kisa ko ba a yi ba. Hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an kashe ka, makaɗa su ɗauki kirarin wanda ya buge ka. In kun yi turmi uku babu kisa, alƙali ya raba ku, kowa ya koma cikin mutanensa. Ba wanda ke fito da biro da takarda.

To damben Oleksandr Usyk da Tyson Fury na farko, wanda aka yi a Riyad ranar 18 ga Mayun 2024, a gidan kallo na gan shi a Kubwa, ni da yayana, dare ya raba. Shekaranjiya kuma ruwa ya hana mu ciniki, yaron shagona ya sake buɗe mana shi a waya, muka jingina ta da buhun ƙusa muka kalla tun daga farko. Abin da ya dame ni a wancan dare shi ya sake damuna.

Turmi na tara nake nufi. Usyk, bahagon nan, ya sakar wa Fury, dogon, hagu a fuska, nan take ƙafafun Fury suka daina jin maganarsa. Usyk ya bi shi daga wannan igiya zuwa waccan yana jibga, shi kuma yana layi, hannuwa a sake, ido ba ya kan kowa. Da ya zube a kusurwa, igiya ce ta tare shi, ba ƙarfinsa ba. Rafali ya shiga tsakani ya fara ƙirge, yana gamawa aka kaɗa ƙararrawa. A gidan kallon nan benci biyu suka kife saboda tsalle, mai shayin bakin ƙofa ya bar butarsa a kan wuta ya leƙo ta taga. Mutumin da ya girme shi a jiki da fiye da kilo 15 ne fa ya mayar haka.

Sai aka zo karanta sakamako: 115-112 na Usyk, 114-113 na Usyk, sannan 114-113 na Fury. Wato alƙali guda yana zaune a bakin igiya, ya ga abin da na gani, ya ce Fury ne ya ci. Wani kuma da maki ɗaya tak ya ba Usyk. Yayana, wanda ɗan Fury ne na gani-kashe-ni, har gobe cewa yake an cuce su. Ni kuma ina cewa ai mu aka so a cuta. Mun kai ga in zancen ya taso a gida, matarsa take kwashe kwanuka ta bar mana wurin.

Tambayata: da me ake auna damben nan? Yaya mutum uku za su kalli abu ɗaya su rabu haka?

Tsohon Kofur, Kubwa

Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi boksin ina saurayi a bariki, daga baya na riƙe wa yara tawul da ruwa a kusurwa shekaru da dama, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Kuskuren da kake yi shi ne kana kallonsa a matsayin dambe guda. A takardar alƙali dambe goma sha biyu ne, kowane turmi na minti uku da hukuncinsa. Wanda ya rinjayi turmi a ba shi 10, ɗayan 9. In an kai mutum ƙasa sau ɗaya, yawanci 10-8, sau biyu 10-7. In rafali ya yanke maki saboda laifi, kamar duka ƙasan ɗamara ko karo da kai, a cire. Ana gama turmi alƙali zai rubuta a ƴar takarda a karɓe, ba ya sake ganinta, balle ya ce abin da ya faru daga baya ya canza masa ra'ayi. Don haka dukan kawo-wuƙa da Usyk ya yi a turmi na tara maki biyu ya saya masa. Fury kuwa in ya lallaɓa ya ci turmi biyu da ɗan naushin gaba, tsik-tsik, ya biya bashin.

Abin da suke dubawa huɗu ne, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Babba shi ne naushi mai tsabta, wanda ya sauka a fuska ko jiki, ba a safar hannu ko kafaɗa ba. Sai matsa lamba mai amfani, don bin mutum kana shan duka ba matsa lamba ba ne. Sai wanda ke juya damben yadda yake so, sai iya kare kai. A nan ake rabuwa: wani alƙali ya fi ganin mai zuwa gaba, wani ya fi ganin mai ja da baya yana saka naushi. Ka ƙara da cewa ɓangare uku daban-daban suke zama. Naushin da wannan ya ga ya shiga haƙarƙari, wancan bayan ɗan dambe ko na rafali kawai ya gani.

Yanzu ɗauko biro. Alƙalin Sifaniya, Manuel Oliver Palomo, da ya rubuta 115-112: turmi bakwai na Usyk, biyar na Fury. Mike Fitzgerald na Amurka, 114-113: shida da shida, faɗuwar nan ce kawai ta raba. Craig Metcalfe na Kanada, wanda ya ba ka haushi: bakwai na Fury, biyar na Usyk. Ka ga tsakanin na tsakiya da kowane ɗayansu turmi ɗaya ne rak. Ba su yi nisa da juna kamar yadda kunne ya ji ba.

Kuma ka lura, da rafali Mark Nelson bai ƙirga ba, aka rubuta turmin 10-9, da takardar Fitzgerald ta zama 114-114, a tashi kunnen doki. Doka ta ba shi dama: in igiya ce ta hana mutum kaiwa ƙasa, ana lissafa shi a wanda ya faɗi. Turmin da kake ganin an raina, shi ya haɗa wa Usyk kambun duniya huɗu a dare ɗaya, abin da kafin nan ba a taɓa haɗa wa ɗan babban nauyi ba.

Mu nan mun taɓa shan wannan ɗacin. A Satumban 2005 Samuel Peter namu ya kai Wladimir Klitschko ƙasa sau uku a Atlantic City, biyu a turmi na biyar, ɗaya a na goma. Duk alƙalan uku suka rubuta 114-111 na Klitschko. Na kwana ina huci. Da na sake kallo a natse, sai na ga a yawancin sauran turamen Peter iska yake duka, Bature yana ta caka masa hagu yana riƙe shi.

Abban Khalifa, Nyanya

Baba Kofur, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya fita. Amma a yi mini afuwa, ba kowace takarda ce wurin zama zai wanke ba.

Satumban 2017 a Las Vegas, Canelo da Golovkin. Alƙali ɗaya ya ce 115-113 na Golovkin, ɗaya 114-114, sai Adalaide Byrd ta rubuta 118-110 na Canelo. Turmi goma cikin sha biyu ke nan! Wace kujera mutum zai zauna ya ga haka? Lennox Lewis da Holyfield a 1999, duniya ta ga Lewis ya ci, aka ce canjaras. Ko Anthony Joshua da muke so, a karonsa na biyu da Usyk a Jidda a 2022, an samu wanda ya ba shi 115-113, alhali ni da nake masa addu'a a gaban talabijin ban samo masa turmi bakwai ba.

Ban ce an ba wani cin hanci ba, ban gani ba. Amma ɗan damben da ke cika fili shi ne mai kawo kuɗi, ihun dubban mutane nasa ne ko da naushin a safa ya tsaya, kuma alƙali ɗan Adam ne mai son a sake gayyatarsa babban dare. In turmi ya yi kusa, hannu yakan karkata ba tare da mutum ya sani ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ɗan dambe yana gama zubar da jini za a cusa masa makirufo a baki, shi kuwa mai biro ya ɗauki jakarsa ya wuce, ba mai tambayarsa me ya gani a turmi na kaza.

Malama Mai Lissafi, Gwagwalada

Ɗan Katako, ga shawara daga wadda mahaifinta ya saba mata kallon boksin tun tana ƙarama. Ka sake kallon damben, amma ka kashe murya gaba ɗaya. Mai sharhi in ya ɗaga murya, sai ka ga naushin da bai shiga ba ya shiga. Ka ja layi goma sha biyu a takarda, kana gama turmi ka tsayar da bidiyon, ka rubuta, ka ninke wurin kada ka sake dubawa. Duk turmin da ka yi jim kafin ka rubuta, ka sa masa alama.

Abu ɗaya da mutane ke ruɗewa a kai: yawan tazara ba ya nuna yawan duka. A karonsu na biyu, Disamban 2024, duk alƙalan sun ce 116-112 na Usyk, wato takwas da huɗu. Magoya bayan Fury suka ce ai damben bai kai haka nisa ba. Gaskiyarsu, kuma takardun ma ba su yi ƙarya ba. Kana iya cin turmi takwas kowanne da naushi biyu kacal.

Ɗan Katako, Dei-Dei

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malama, na bi maganarki jiya bayan isha'i. A bayan takardar rasit na ja layukan, na kashe murya, na ce wa yara kada wanda ya yi mini magana.

Gaskiya jikina ya yi sanyi. Daga turmi na huɗu zuwa na bakwai duk Fury na rubuta wa. A gidan kallo ban ga haka ba sam, don hankalina na kan Usyk da ke ta matsowa. A shiru kuwa sai na ga dogon yana saka masa naushi a ciki, kuma a na shida ya ɗaga masa haɓa da wani na ƙasa-zuwa-sama har ya ja da baya yana neman iska. Na takwas, inda hancin Fury ya fashe, da na tara da na goma na Usyk ne, ban yi jim ba. Da na haɗa, 115-112 na samu. Amma turame uku na sa wa alama, na biyu da na uku da na ƙarshe, kuma biyu daga ciki Usyk na ba. In na juya su, ga ni a kan takardar mutumin Kanada da na yi wata da watanni ina jin haushinsa. Na kai wa yayana rasit ɗin da safe, ya daɗe yana dubawa, ya ce in bar masa zai yi nasa.

Abban Khalifa, 118-110 ɗin nan ni ma ban ga ta inda za a kare ta ba.

Saura abu ɗaya, Baba Kofur. Ka ce ƙirgen rafali ne ya ba Usyk nasara. Ni kuma gani nake ƙirgen ne ya ceci Fury, don da an bar su daƙiƙa biyar, ko aka tsayar da damben, da ba a kai ga takarda ba. Da kai ne a tsakiya, me za ka yi?

Tsohon Kofur, Kubwa

Ɗana, da ni ne, tsayarwa zan yi, ko da za a zage ni har gida.

Na san hujjar masu cewa a bar shi. A lokacin Fury zakara ne mai riƙe da kambun hukumar boksin ta WBC, ba a taɓa cin sa ba kafin daren, kuma kowa ya tuna 2018, lokacin da Deontay Wilder ya shimfiɗe shi a turmi na goma sha biyu ya miƙe kamar ba shi ba. A Riyad ɗin ma ya farfaɗo ya kai ƙarshe da ƙafarsa. Ban ce Nelson ya karya doka ba.

Amma ni abin da nake kallo hannu ne. Mutumin da hannunsa ya daina komawa fuska ba dambe yake yi ba, dukansa ake yi. A da, turmi goma sha biyar ake yi a damben kambu. A Nuwamban 1982 wani ɗan Koriya ta Kudu, Kim Duk-koo, ya faɗi a turmi na goma sha huɗu a hannun Ray Mancini, bayan ƴan kwanaki ya rasu, daga nan WBC ta mayar da shi goma sha biyu, sauran suka biyo baya. Ni kaina na taɓa riƙe wa wani yaro tawul, ɗan shekara goma sha tara, yana gaba a maki, na ga hannunsa ya sauka a turmin ƙarshe, na ce bari ya ƙarasa tunda saura kaɗan. Ya ci damben. A mota muna komawa ya tambaye ni sau huɗu ko an fara wasan. Bai sake shiga fili ba, kuma mahaifiyarsa ba ta sake amsa gaisuwata ba.