Tantance ma'aikata a Kano: gyaran ya iso teburinku?

Baban Ummi, Gwale:
Salamu alaikum 'yan'uwa ma'aikata. Shekarata 19 a aikin gwamnatin jiha, na manta yawan tantancewar da na shiga. A kawo takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma, a dangwala yatsa, a ɗauki hoto. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ban da ji-ta-ji-ta.

Maman Sadik, Tarauni:
Wa alaikumus salam Malam. Ina cikin waɗanda aka ɗauka a ƙarshen mulkin Ganduje, aka dakatar mana da albashi a 2023. Kwamiti ya tantance mutum 12,566, aka mayar da 9,332, alhamdulillahi har da ni. Watannin jiran nan sun yi mini zafi, sai da na sayar da keken ɗinkina don kuɗin makarantar yara. Amma tsakani da Allah, a layin na ga yarinyar da ko sakandare ba ta gama ba tana riƙe da takardar aiki. Tun ranar na daina cewa tantancewar zalunci ce tsagwaronta.

Tsohon akawu, Fagge:
'Yata, Allah ya mayar miki da alheri. Ni na yi ritaya, na shekara shida ina jiran garatuti. Da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya fara sakin naira biliyan 6 a Disambar 2023 ban shiga ba, sai a zagaye na gaba. Kuɗin sun zo, na gode Allah, na rufe ɗakin da damina ta cinye. Abokina da muka ajiye aiki rana ɗaya bai ga nasa ba, magadansa ne ke bibiya yanzu.

Ɗan rajista:
Baba, Allah ya jiƙansa. Ni a ɗakin fayil nake, kuma nan ne gyaran bai leƙo ba. Albashi yana kwamfuta, amma fayil ɗin mutum har gobe masinja ke ɗauka daga tebur zuwa tebur. Oga ya yi tafiya, fayil ya kwana sati uku. Wani ya faɗa bayan kabad, a ce ya ɓata, a buɗe na wucin gadi, sai ka tarar mutum ɗaya yana da biyu. Masu gaggawa kuma sun san maganar na goro, ba sai na fayyace ba.

Baban Ummi:
Nan ka taɓo ni. An ƙara mini girma, takarda na hannuna wata 14, albashi bai nuna ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 ya shigo a Nuwambar 2024, mun ji daɗi, amma a tsohon matakina aka lissafa mini.

Ɗan rajista:
Yaya, kada ka ba kowa ta asali. Yi kwafi uku, haɗa da takardar albashinka ta ƙarshe, ka tabbata an buga maka hatimin karɓa da kwanan wata. Ka rubuta lambar fayil ɗinka a waya, ranar Litinin da sassafe ka je kafin a fara fita taro.