Doka ɗaya a AWS, Azure da Google Cloud, kaina ya kulle, a taimaka min da shawara

Sabon Admin: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Kamfanin da nake aiki tun farko a AWS muke, wato gajimaren Amazon inda ake hayar saba da ma'ajiya ta intanet, sai aka sayi wani ƙaramin kamfani su kuma komai nasu yana Azure, gajimaren Microsoft, wanda ya kafa musu kayan ya bar aiki bai bar wa kowa ko layi ɗaya na bayani ba, ni aka ce in gaje shi alhali ba don wannan aka ɗauke ni ba, ana cikin haka kuma 'yan sashen bayanai suka je suka buɗe Google Cloud saboda BigQuery, manhajar Google ta nazarin bayanai, sai da kuɗin wata ya fito muka sani. Yanzu masu odit na tafe kuma oga ya ce doka ɗaya yake so ko'ina: kowane abu da tag (alamar suna da ake liƙa masa) na mai shi, kar a bar ma'ajiya a buɗe wa duniya, kar a buɗe ƙofa ta 22, wadda ake shiga saba daga nesa ta cikinta, ga kowa da kowa, kuma kar a kafa saba sai a yankunan da aka amince.

Tag ɗin kaɗai ya hana ni barci. A AWS CostCenter da costcenter abu biyu ne daban, Azure ba ruwanta da babban baƙi ko ƙarami a sunan tag, Google kuma label ɗinta, wato nata tag ɗin, ba ta karɓar babban baƙi sam. Rahoton da na haɗa sai ya fito da sashe ɗaya gida uku. In na gyara yau gobe wani ya shiga konsol, shafin da ake sarrafa kayan, ya danna ya ɓata. Ta ina zan fara don Allah?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena matsalarka ba tag ba ce, mutane ne ke da hannu a konsol. Ka ƙwace admin daga hannun kowa, komai ya bi ta Terraform, manhajar da ake kafa kaya da rubutaccen umarni maimakon dannawa, sannan ka sa OPA, manhajar da ke auna abu da doka, ya duba plan ɗin, wato jerin canjin da za a yi, kafin a yi apply a aiwatar, ka rubuta dokar sau ɗaya da Rego, harshen OPA, ta hau kan gajimaren duka uku. Bayan haka ka sa katanga daga sama da dokokin hani na kowane gajimare: SCP a AWS Organizations, Azure Policy da deny, wato hanawa kai tsaye, a kan management group (rukunin akawun na Azure), Organization Policy a Google. Tag kuma ƙananan baƙaƙe ko'ina tunda Google ce mai tsauri, ka bi nata shikenan. Wannan aikin sati biyu ne.

Sabon Admin: Na gode yaya, amma ƙwace admin ba zai yiwu ba yanzu. Ni na ba su da kaina kuma da dalili, in abu ya faɗi cikin dare ba za su zauna jira na ba. Kuma kayan Azure ɗin nan ko ɗaya ba ya cikin Terraform.

Mai Gadin Saba: Hmm wannan SCP ɗin a bi shi a hankali. Inda na yi aiki a da wani ya sa dokar hana duk yankin da ba namu ba, bai ware hidimomin AWS na duniya baki ɗaya irin su IAM da CloudFront da Route 53 ba, su kuwa ta yankin us-east-1 suke bi, da safe kowa Access Denied yake gani. Wa aka kira? Ni. Wa aka zaga a mitin? Ni ɗin dai, shi wanda ya yi abin ko sunansa ba a ambata ba saboda yaron manaja ne, har yau in na tuna raina ɓaci yake, aikin nan in komai na tafiya lafiya ba mai sanin kana nan.

Injiniya: Wannan rashin gwaji ne malam, ba laifin SCP ba. Ana fara sa shi ne a OU, wato rukunin akawun, na gwaji.

Anti Tsaro: Injiniya ban yarda da sati biyun nan ba, kuma ban yarda ya fara da deny ba. Deny na Azure ba ya gyara abin da ke nan tun da, zai dai nuna shi a matsayin wanda ya saɓa doka, ranar da wani ya zo sabunta shi kuma aikin ya tsaya masa ba tare da ya san dalili ba. Na Google ma yawanci ba ya komawa baya kan abin da ke nan tun da. Ɗana ka fara da audit, wanda nunawa kawai yake ba ya hanawa, ka bar shi ya yi kamar wata guda ka ga yawan ɓarnar, ka kai wa kowane sashe nasu lissafin. Tag kuma akwai modify na Azure Policy da zai liƙa shi da kansa. Sannan batun rubuta doka sau ɗaya, harshen ne ɗaya amma bokitin S3, ma'ajiyar AWS, daban, storage account na Azure daban, na Google daban, dole ka rubuta sharaɗin kowanne. Kuma ka sani SCP ba ya taɓa management account, babban akawun da ke riƙe da sauran, in kuna da kaya a ciki ba zai kare su ba.

Sabon Admin: Anti kusan rabin kayanmu na AWS a wannan akawun ɗin suke. Amma lokacin da aka kafa su akawun ɗaya ne gaba ɗaya, ba yadda za a yi.

Injiniya: To ka kwashe su. Hajiya audit ɗin da kike faɗa na sha gani, allo ya cika da ja wata shida ba wanda ya kalla. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dokar da ba ta hana komai ba ai ba doka ba ce.

Ɗalibi: Yallabai a yi haƙuri da katsalandan, manhajar bibiyar doka ta Cloud Custodian fa? Da rubutun YAML mai sauƙi ake sa masa doka ba sai ya koyi Rego ba, yana aiki a duka ukun, kuma yana kama abin da aka danna da hannu a konsol, wanda OPA a kan plan ba zai taɓa gani ba.

Injiniya: Bayan an yi ɓarnar yake kamawa. Ma'ajiya ta kwana a buɗe sannan ka rufe, me ka tsare?

Anti Tsaro: Tun Afrilun 2023 sabon bokitin S3 a rufe yake zuwa, tsofaffin ne abin tsoro, kuma su irin binciken da Custodian ke yi ne ke zaƙulo su. Yaron yana da gaskiya.

Mai Gadin Saba: Ni Terraform ɗin ma tun da HashiCorp suka canza lasisi a 2023 muka koma OpenTofu, reshensa mai buɗaɗɗen lasisi, wata uku ina wannan ƙaura ko sannu ba a ce min ba.

Anti Tsaro: Sabon Admin ba ka faɗa mana ba, ku nawa ne a tim ɗin? Wane ma'auni masu odit ɗin za su bi, CIS ne ko ISO 27001? Kuma shiga ɗaya kuke da ita ta Entra ID, tsarin shiga na Microsoft, ko kowane gajimare da nasa sunan shiga? Don in mutum ya bar aiki kuma akawun ɗinsa uku na nan a raye, wannan ya fi tag hatsari nesa ba kusa ba.

Sabon Admin: Kowanne da nasa ne amma ina da fayil na Excel da nake bibiya da shi kuma bai taɓa ba ni matsala ba. Gaskiya ni abin da nake nema manhaja ɗaya da zan saya ta haɗa min duka a allo guda in nuna wa oga, ba sake gini daga tushe ba. Akwai wanda ya san mai kyau?

Injiniya: Allon zai nuna maka abin da ka riga ka sani. Ka ƙwace admin.

Sabon Admin: Yaya na ce ba zai yiwu ba. Ɗalibi wannan Custodian ɗin yana gyara sunan tag da kansa ko nunawa kawai yake?