Wanda ya taɓa hulɗa da sufetocin RSPCA a Ingila ya ba mu labari

Baban Yara, Leicester

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon waɗanda suka taɓa yin hulɗa da RSPCA, ƙungiyar nan mai hana azabtar da dabbobi, su gaya mana abin da suka gani da idonsu. Na dawo daga aiki na tarar an zuro kati ta ƙofa, an rubuta cewa sufetonsu ya zo bai same ni ba, kuma yana son mu yi magana a kan zomon da yarana suke kiwo a bayan gida. Uwargida ta ce a kai zomon gidan abokina tun kafin magana ta yi girma, ni kuwa na ga gara in fara tambaya. Shin hukuma ce? Suna da ikon shiga gida ko ba a yarda ba? Kuma wannan zai iya taɓa takardun zaman mutum?

Dattijo Bakatsine, Bradford

Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, kuma ka roƙi iyalinka su bar zomon inda yake, domin ɓoye shi ne zai sa a yi zargin abin da babu. RSPCA ba ma'aikatar gwamnati ba ce, ƙungiyar agaji ce da aka kafa a Landan a 1824, Sarauniya Victoria ta ba ta izinin ɗaukar sunan sarauta a 1840, kuma yawancin kuɗin da take aiki da su gudummawar jama'a ne da abin da mutane suke bar mata a wasiyya. Kayan sarkin da sufetocinta suke sawa ne yake ruɗar baƙo ya ɗauka 'yan sanda ne. Ba su da ikon shiga gidanka sai da yardarka, ko kuma su zo da 'yan sanda ɗauke da takardar izinin kotu, kuma ba ruwansu da harkar shige da fice.

Ni ma an taɓa zuwa mini, a kan kaji. Mace ce ta zo, ta nuna katin shaidarta, ta nemi izini, na buɗe mata ƙofar baya. Ta durƙusa ta leƙa akurkin, ta taɓa shimfiɗar da hannu ta ji ko ta jiƙe, ta ɗaga kaza ɗaya ta duba ƙafafunta da ƙirjinta, sannan ta tambaye ni yadda nake yi da ruwan shansu idan ya daskare da hunturu. Da na tambayi wanda ya kira su, cikin ladabi ta ce ba sa bayyana mai ƙara. Abin da ta bar mini takarda ce mai ɗauke da gyare-gyaren da take so a yi, ta ce za ta dawo ta gani, ta kuwa dawo, daga nan magana ta mutu.

Sai dai kada sauƙin da na faɗa ya sa ka raina lamarin, domin akwai doka a bayansa. Dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora wa duk mai dabba a Ingila da Wales haƙƙi biyar: wurin zama da ya dace, abincin da ya dace, damar yin ɗabi'arta ta asali, zama da 'yan'uwanta ko keɓe ta gwargwadon halittarta, da kare ta daga ciwo da wahala. A kan zomo, ina kyautata zaton abin da za a duba shi ne girman akurki da kuma zamansa shi kaɗai, tunda zomo dabba ce da ba ta son kaɗaici, sannan a tambaye ka ko busasshiyar ciyawa ce mafi yawan abincinsa, saboda haƙoransa ba sa daina girma kuma tauna ciyawa ce take rage su. In kuma akwai mai kiwon kaji a cikinmu, tun Oktoban 2024 ko kaza ɗaya gare ka sai ka yi rajista da hukumar lafiyar dabbobi ta gwamnati saboda murar tsuntsaye.

Maman 'Yan Biyu, Birmingham

Dattijo Bakatsine ya faɗi gaskiya game da tsantseninsu. Ni ba zuwa suka yi mini ba, ni na je wurinsu neman kyanwa bayan ɓeraye sun addabi kicin ɗina. Na ɗauka zan nuna wadda nake so ne a miƙo mini, sai na tarar da tambayoyi kamar na masu binciken aure: gidan haya ne ko namu, mai gidan ya yarda a ajiye dabba, shekarun yara nawa, akwai babban titi kusa, wa zai kula da ita idan mun tafi gida Najeriya hutu. Sai da suka ga yanayin gidan kafin su amince. Kyanwar da aka ba mu an riga an yi mata allurar rigakafi, an yi mata aikin hana haihuwa, an kuma saka mata 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fatar wuya, wadda girmanta bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Wannan na'urar ta zama dole ga karnuka tun 2016, ga kyanwoyi kuma a Ingila tun 10 ga Yunin 2024, kuma tarar ƙin yi tana iya kaiwa fam 500. Maigidana bai so batun hana haihuwar ba, yana ganin an tauye wa dabbar haƙƙi, amma da ya ga yawan kejin da ke cike da 'ya'yan kyanwa marasa masu ɗauka sai ya daina musu, ko da yake bai ce ya gamsu ba.

Ɗalibi Bamaraɗe, Crewe

Nawa gajere ne. Na tsinci bushiya da rana tsaka a gefen hanya tana tangaɗi, alhali dabbar dare ce, na sa ta a kwali da tawul. An gaya mini kada in ba ta madara domin tana ɓata mata ciki, ruwa kawai a ɗan faranti. Na kai ta cibiyarsu ta namun daji da ke Stapeley Grange kusa da Nantwich, ɗaya daga cikin irin waɗannan cibiyoyi huɗu da suke da su, aka karɓa ba a nemi ko sisi ba. A nan ne na ji cewa karen da ya ɓata yana yawo lafiyarsa ƙalau ba aikinsu ba ne, na ƙaramar hukuma ne, kuma wanda yake Scotland wata ƙungiya dabam zai nema.

Hajiya Ma'aikaciyar Jinya, Manchester

Malam Baban Yara, ni ce irin maƙwabcin da yake kai musu ƙara, don haka bari ka ji ɗaya ɓangaren. Wani maƙwabcina ya daina kwana a gida ya bar kare a kulle, tun ana jin haushi har ya koma kuka ƙasa-ƙasa da dare. Ni ba mai son kare ba ce, amma ta taga ina ganin haƙarƙarinsa a fili, yana lasar kwanon da ba komai a ciki. Na daɗe ina jin nauyin kira, saboda yadda aka rene mu ba a shiga sha'anin gidan wani, daga baya na kira. Sufeton ya zo ya manna 'yar takarda mai gam a bakin ƙofa da jikin bango, ya ce da ita zai gane ko wani yana buɗe gidan. Da aka tabbatar ba mai zuwa sai ya dawo da 'yan sanda, su suka buɗe, su kuma doka ta ba ikon ɗauke dabbar da aka tabbatar tana shan wahala, sannan suka miƙa shi hannun ƙungiyar. Irin wannan ne yake kaiwa kotu, kuma tun 2021 hukuncin azabtar da dabba mafi tsanani ya tashi daga wata shida zuwa shekara biyar a kurkuku, ban da hana mutum sake riƙe dabba. Zomon da ake ciyar da shi ana shayar da shi bai kama hanyar wannan ba. Ka kira lambar da ke jikin katin ka sa musu lokaci.

Alhaji Mai Nama, Luton

Hajiya ta yi daidai, Allah ya saka mata. Zan ƙara abin da ya shafi sana'ata, domin nan ne wasu mutanenmu suke faɗawa rigima ba da sani ba. Duk shekara gab da babbar sallah sai wani ya tambaye ni inda zai sayi rago da ransa ya ɗaure a bayan gida ya yanka da hannunsa. Wani abokin cinikina ya gwada, kukan ragon ya sa maƙwabta suka kira, kuma abin da aka fara tambayarsa shi ne lambar rajistar wurin kiwo da takardar ɗauko dabbar, waɗanda duk mai ajiye tunkiya ko akuya dole ya mallaka. Doka a nan ta yarda Musulmi da Yahudawa su yi yanka ba tare da sumar da dabba ba, amma a mayankar da hukuma ta amince da ita kaɗai, kuma a hannun mahaucin da yake da takardar ƙwarewa.

RSPCA ba ta ɓoye matsayinta ba: tana so a riƙa sumar da kowace dabba kafin yanka, kuma a rubuta a jikin nama yadda aka yanka shi. A kan na farkon ina da saɓani da su, kamar yadda malamanmu ma suka rabu, wasu sun halatta sumarwar da ba ta kashe dabbar, wasu sun ƙi, kuma mafi yawan naman halal da ake sayarwa a Birtaniya an sumar da shi kafin yanka. A kan rubutu a jikin nama kuwa ina tare da su, tunda mai saye yana da haƙƙin sanin abin da zai kai wa iyalinsa. Mai son layya a nan ya ba mahaucinsa suna da kuɗi tun kafin watan Zulhijja ya kama, domin mayankar tana rufe karɓar suna da wuri, kuma sau da yawa sai washegarin sallah naman yake isowa shago.