Wane taimako asibiti ke ba iyayen da ke jinyar ƙananan yara?

Maman Ummi:
Assalamu alaikum. An kwantar da ɗan ƙanwata mai shekara biyu saboda ciwon limoniya, kuma tun da aka ba shi gado ita kaɗai take kwana a gefensa, ba barci, ba cin kirki, ga fargabar rashin sanin halin da yake ciki. Shin mai jinya tana da wani haƙƙi a kan asibiti, ko kuwa kulawarsu ta tsaya a kan yaron ne kawai?

Tsohuwar Nas:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya. Babban haƙƙinta shi ne a yi mata bayani cikin harshen da take fahimta, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne zagayen likitoci na safe, domin a nan ake yanke shawara kan magani da gwaji da sallama. Ta rubuta tambayoyinta tun da dare: sunan cutar, amfanin kowace allura, da abin da ake jira kafin a cire masa iskar oksijin ko ƙarin ruwa. Manyan asibitoci da yawa suna da sashen walwalar marasa lafiya, wanda ke duba matsalar kuɗin magani da ta iyali, sai dai galibi ba a kai mutum can sai ya tambaya. Ku ma dangi ku tsara karɓa-karɓa, saboda uwar da ta kwana uku ba barci ita ce take manta lokacin magani.

Malam Baban Yara:
Hajiya, zaman uwa kusa da ɗanta ma sai da aka yi gwagwarmaya a kansa. A Ingila, kafin rahoton Platt na 1959, wato rahoton wani kwamitin gwamnati kan kula da yara a asibiti, ya nemi a bar iyaye su riƙa ziyara ba tare da ƙayyade lokaci ba, asibitoci da dama ɗan lokaci kaɗan suke ba su, wai don kada yaro ya yi kuka bayan tafiyarsu. A 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ɗora jariri bakwaini a ƙirjin uwarsa, fata da fata, da zarar an haife shi. A ganina, asibitin da ya ɗauki uwa a matsayin baƙuwa bai fahimci aikinsa ba.

Tsohuwar Nas:
Gaskiya ne, Malam, amma zaman kaɗai bai wadatar ba idan za a sallame ta cikin duhu. Kafin su tafi gida, a gwada mata yadda ake auna maganin, a faɗa mata ranar komawa, sannan ta san alamomin haɗari: jijjiga, kasa shan ruwa ko nono, amayar da duk abin da ya ci, yawan barci da wuyar farkawa, ko numfashi da sauri har ƙirji yana lotsawa. Ko ɗaya ta gani, ta mayar da shi nan take, kada ta jira ranar da aka rubuta mata.