Fallin a bangon ɗaki, zai yi a Jidda kuwa?

Maman Walid: Salam yan uwa, don Allah wa ya taɓa manna fallin na ɓawon itace a bango? makwabcinmu TV har asuba yara basa barci, ance yana rage ƙara

Abu Sadik: Wa alaikissalam Hajiya, amsa-kuwwar cikin ɗaki zai rage miki da ɗan zafin bango, amma hayaniyar makwabci gaskiya sai kaɗan tunda bashi da kauri. Yawanci daga Fotugal ake kawo shi, duk bayan shekara 9 ake ɓare bishiyar, shi yasa kuɗinsa ba wasa.

Inna Rabi: Ƴata kin san laimar Jidda dai, in mukayyif, wato AC, na ɗiga a bangon kar ma ki fara, gam ɗin saki zai yi, kuma in gidan haya ne ki tambayi mai gidan tukunna.